Shekara Bakwai Babu Sista Rahila, Ga Kulu Ta Dawo Daga Daji

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Sista Rahila. Da damina ne, gero ya fara fitar da kai, aka kwantar da ita a bayan mota daga Anka zuwa garinsu can ƙasar Zuru, ciwon hanta ya riga ya ci ƙarfinta, ba ta kuma dawo ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ɗauki biro in ajiye. Bana kam na rubuta, ba kuwa don na samu natsuwa ba. Na rubuta ne saboda 'yata Kulu, wadda ta dawo daga hannun 'yan bindiga da ranta amma ba yadda ta tafi ba, har dangin mijinta suka fara zancen kai ta gidan mari. A duk ƙasar nan mutum ɗaya na sani da zan tambaya yadda zan yi, ita kuma tana cikin ƙasa.

Rahila nas ce, Kirista, gajera mai faɗin kafaɗa, da tabarau wanda kullum yake zamewa zuwa kan hanci. Wanda zai ce don me Musulma za ta cika shafin jarida da zancen Kirista, don Allah ya juya shafi, akwai labarin ƙwallo a baya. Ta zauna cikinmu har Hausarta ta koma irin tamu, sai dai in ta fusata harshen garinsu ya ɓullo. Tana son hoce, wainar dawar nan tamu, kamar me, ba ta kuwa iya yin sa ba, ko kusa. Duk sa'ad da ta gwada sai na ce mata ta kai wa magina su sa a gini, ita kuma ta ce bakina ne ya fi hocen tauri.

Ni malamar firamare ce, aure ya kai ni Duza. Waɗanda suka san shekarun zinari a ƙauyukan nan sun san yadda ake yi. Maza su haƙo dutse su kawo cikin gida, mata mu farfasa a turmi kafin a kai inji, ƙura ta bi tsakar gida, yara suna rarrafe a ciki. Kowane gida haka ake yi, babu wanda ya taɓa jin kalmar gubar dalma. Sai yara suka fara suma suna sanƙarewa. Aka binne mini biyu a tsakanin bazara da damina, Sani da ƙanwarsa da ke goye. Kulu, babbarsu, ita ta tsira, aka kawo mu Anka don a ba ta magani.

Ban yi kuka ba. Mata suna shigowa gaisuwa suna cewa, "Kai, Malama akwai tawakkali!" Ni ma na ɗauka tawakkalin ne. Ina zaune kan tabarma a gefen gadon Kulu, ido buɗe, a ba ni abinci in ci, a ce tashi in tashi. Abu ɗaya ne kawai ke motsa ni. Da na ji ƙarar taɓarya daga wani gida a bayan katangar asibiti, sai tafin hannuna ya yi sanyi ƙalau, in ruga bayi. Na ɓoye wa kowa, don ina tsoron a ce na taɓu.

Rahila ce ta lura. Ba ta zo da allura ba, ba ta kuma ce in ba ta labarin abin da ya faru ba, wanda shi kowa ke fara tambaya. Ta tsaya a bakin tabarmar ta ce, "Malama, in zamna?" Na ɗaga kai. Ta zauna, ba gabana ba, a gefe, kamar muna jiran mota. Can ta ce, "Ina ne a jikinki ba ya ciwo?"

Wallahi haushi ta ba ni. Wace irin tambaya ce wannan ga uwar da ta rasa 'ya'ya biyu? Don in kore ta na ce mata, "Kunnena." Sai ta ce to madalla, mu tsaya a kunnen. Ta ce in taɓa shi, in ji ko da ɗumi ko da sanyi, in ji nauyin ɗan kunnen da ke maƙale. Na yi, ina harararta. Ban san lokacin da na saki wani dogon numfashi ba, irin wanda rabona da shi tun ranar da Sani ya fara suma. Ta ce, "Kin ji? Ba ni na yi ba, jikinki ne." Ta tashi ta tafi aikinta.

Daga baya, a hankali, ta yi mini bayanin abin da ta koya wurin likitocin da suka zo aikin gubar, ta kuma ƙara da nata. Ta ce akwai jijiyoyi da suka taso daga ƙwaƙwalwa suka bi wuya suka sauka ƙirji da ciki, su ke riƙe da bugun zuciya da numfashi da hanji, kuma ba su jiran shawarar mutum. Idan suka hango haɗari sai su zaɓa maka, ko gudu, ko faɗa, in duka biyun ba su yiwu ba su sandarar da kai don kada zafin ya kashe ka. Ta ce abin da mata ke kira tawakkalina sandarewa ce, kuma ba laifi ba ne, ba rashin imani ba ne, ba iska ba ce. "Jikinki ceton ki ya yi," in ji ta. "Yanzu dai bai samu labarin an gama ba. Kuma shi ba ya jin wa'azi, sai an nuna mashi."

Nuna masan shi ne aikin da muka yi tare, kuma na ce tare don ita ba ta yarda a ce ta yi wa mutum magani ba. Ta samo sabon turmi wanda bai taɓa ganin dutse ba, ta ajiye shi can ƙarshen tsakar gidan da take haya. Ni ke faɗin inda za mu zauna. Ni ke cewa a matso, ni ke cewa ya isa. In ƙirjina ya fara ɗaurewa sai mu tsaya, mu ja numfashi gajere mu sake shi da tsawo, ko ta sa ni in yi gunji a maƙoshi kamar mai lallashin jariri, har sanyin hannun ya wuce. Akwai ranar da daga bakin ƙofa na juya na koma. Ba ta ce komai ba sai, "Yau nan munka tsaya, ya yi."

Ranar da na kama taɓarya, lugude muka yi. Duk macen karkara ta san shi, mata biyu a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na tashi ta waccan na sauka, in ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi nawa sai sun haɗu sun karo. Rahila ta ce ni ce gaba, ita za ta bi. Na fara da sauri kamar ana kora ta, ta bi ni da saurin. Sai na ji hannuna yana sassautawa, ita ma ta sassauta. Kowace saukar taɓarya numfashi yana fita da ita. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san geron ya zama gari tun tuni ba mu daina ba, kuma a nan ne kukan ya zo. Ta bar ni na yi shi har ya ƙare, tana tsaye riƙe da taɓaryarta, tabarau a kan hanci.

Akwai abu ɗaya da sai yanzu na gane nauyinsa. Rahila ba ta taɓa ce wa jikina "ya wuce" a kan ƙarya ba. Da aka gama kankare ƙasar gidajen Duza aka zuba sabuwa, ita ta raka ni har gidanmu. Ta ce in cire takalmi in taka. Na taka, ƙasa ja mai laushi wadda ba ta san 'ya'yana ba. Gubar an kwashe ta da gaske, da shebur da baro, ido na gani. Shi ya sa jikina ya yarda.

Ban koma Duza da zama ba. Na samu canjin makaranta zuwa Anka, muka zama maƙwabta da Rahila, katanga ɗaya ta raba mu. Ta ga farkon wannan masifa ta 'yan bindiga kafin ta kwanta ciwo. Ta ga matan farko da suka shigo gari da tabarmi a ka, ta zauna da su ɗaya bayan ɗaya bayan ta tashi aiki, ba wanda ya sa ta. A lokacin muna cewa abu ne na shekara ɗaya ko biyu. Ita ma haka ta ɗauka, Allah sarki, har tana cewa in an samu lafiya za ta koya wa matan unguwa aikin don ya zama kowane gida akwai mai yi.

Kulu ta girma, ta yi aure a wani ƙauye kusa da Adabka. Mijinta Garba manomi ne, yaro mai kunya, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Bara da kaka aka tare su a gona, ita da wasu mata, aka shiga daji da su. Abin da aka sayar kafin a fanso ta ba zan lissafa a nan ba. Ta fito ana gab da azumi, Garba ya kawo ta wurina don ƙauyen nasu ya watse.

Wadda aka kawo mini tana da fuskar Kulu. Tana zama a lungu tsakanin gado da bango, gwiwa a ƙirji. Ba ta kuka, ba ta magana sai "i" da "a'a". In babur ya wuce a layi sai ta shige ƙarƙashin gado, kuma a Anka yaushe babur ba ya wucewa? Mun kai ta asibiti, aka ba ta ƙwayoyi masu sa barci. Ban ga laifin ma'aikatan ba, mutum ɗaya ne da layi har waje, kowa da irin nasa, ina zai samu lokacin da zai ce "in zamna?" Ta sha ƙwayoyin ta yi barci, ta farka yadda take.

Kulu 'yar fari ce, kuma kun san yadda muke da 'yan fari. Tun tana ƙarama ban rungume ta a gaban mutane ba, sunanta na yanka ma ban taɓa kamawa ba. Rahila ta sha yi mini tsiya a kan haka. Na ajiye kunyar nan gefe, na shiga lungun na zauna kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, ina sakin numfashi a hankali don nata ya bi nawa. Wasu ranakun yakan bi. Na ga yatsunta sun saki zanen da take damƙe da shi, raina ya yi fari, na ce to Alhamdu lillahi, hanya ta samu.

Sai na yi gaggawa. Wata safiya na aro turmi a maƙwabta, don ni kaina yanzu inji nake kaiwa, na zuba gero, na kawo taɓarya biyu. Na ce a raina abin da ya tashe ni shi zai tashe ta. Na kira ta, ta fito bakin ƙofa. Na ɗaga taɓarya na sauke sau ɗaya.

Wayyo Allah. Ba ta gudu ba, da ma gudun ta yi. Ta taho kamar wadda aka ja da igiya, ido a ƙasa, ta karɓi ɗaya taɓaryar ta fara daka. Daka take ba ji ba gani, da ƙarfin da ban san tana da shi ba, fitsari na bin ƙafarta, ba ta tsaya ba. Ina cewa "Kulu, ya isa, ya isa," ba ta ji na. Sai da na rungume ta ta baya muka faɗi tare. A ƙasan nan ta yi maganar da ta fi kowace tsawo tun dawowarta. Ta ce, "Ku yi haƙuri, yanzu zan gama. Kada ku kira shi."

Wata mata da aka sako tare da ita ce ta gaya mini sauran. A dajin, aikin matan da aka kama ke nan. Hatsin da aka kwaso daga rumbunan mutane su ke daka shi, daga safe har rana ta faɗi, da mai bindiga zaune a gindin itace. Wadda taɓaryarta ta yi shiru ta san abin da zai biyo baya.

Na mayar da turmin ranar, ban iya kallon mai shi ba. Da Rahila na nan da ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Malama, wa ya ce maki turmi ne maganin? Kin tambaye ta?" Ban tambaye ta ba. Na riƙe turmin na manta cewa ni na ce a matso da shi, ni na ce a ba ni taɓarya. Daga ranar Kulu ta daina barin in zauna a lungunta. In na matso sai ta ƙanƙame jiki.

Ina yawan tambayar kaina me Rahila za ta ce da wannan zamani, kuma amsar da nake samu ba ta da daɗi. Duk aikinta a kan abu ɗaya ya tsaya, a nuna wa jiki cewa haɗarin ya wuce. To yau me za a nuna masa? Wace ƙasa aka kankare? Waɗanda suka kama Kulu suna nan inda suke, an san dajin, an san hanyar da suke bi. Manomi a Nasarawar Burkullu sai ya nemi izninsu kafin ya shiga gonar ubansa. Hanyar Gummi in ka bi ta lafiya sai a yi maka barka. Idan babur ya wuce jikin 'yata ya ce mata "ɓuya", da wane baki zan ce masa ya yi kuskure? Ina jin da Rahila za ta zauna da matan nan duk da haka, don ba ta iya ganin mutum a lungu ta wuce. Amma ba za ta yi musu ƙarya ba, kuma ban san abin da zai rage mata ta faɗa ba. Wani lokaci har nakan ce gara da ta tafi ba ta gani ba, sai in yi istigfari.

Bayan Sallah Garba ya zo. Ya durƙusa a zaure, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce, "Inna, baffannina sun ce iska ce ta daji ta shige ta. Akwai wani malami ta wajen Gummi, an kai mutane sun samu sauƙi." Na san irin gidan. Ɗaki ne da ƙofar ƙarfe, mari a ƙafa, hayaƙi, wani lokaci da bulala. Na ce masa ba iska ba ce, na yi masa bayanin jijiyoyi da sandarewa yadda aka yi mini, har da nuna masa wuya da ƙirji. Ya saurara har na gama, don yaro ne mai ladabi. Sai ya ce, "To Inna, ke kina iya warkar da ita?" Ya ce zai dawo ranar kasuwa, amma in na hana ba zai ɗauke ta da ƙarfi ba.

Na yi niyyar hanawa. Na shirya maganganun da zan gaya wa baffannin nasa, masu zafi, don bakina bai mutu ba. Amma na riga na yanke wa Kulu hukunci sau ɗaya na ga abin da ya haifar. Da safen ranar kasuwar na tsaya nesa da lungunta, na durƙusa don kada in yi mata tsawo a ka. Na gaya mata komai, ban rage ba, har marin da bulalar. Na ce in ta ce a'a, babu mai fitar da ita daga gidan nan sai ya bi ta kaina. Na ce, "Mi kike so?"

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko ido cikin ido, ta ce, "Ana kulle ƙofar?"

Na ce ana kullewa.

"Ta waje? Da mari a ƙafa, ba mai iya jan mutum ya tahi da shi?"

Na ce haka ne.

Ta ce, "Inna, bar ni in tahi."

Jama'a, ban san abin da ya rage na Rahila a ƙasar nan ba. Matan da ta zauna da su sun watse, wasu an sake kora su daga inda suka koma. Aikin da ta so koya wa unguwa bai wuce katangarta ba. Ni da na fi kowa cin moriyarta, da hannuna na lalata ɗan abin da na fara. Abin da na iya riƙewa daga gare ta bai fi wannan ba, na tambayi 'yata, na kuma ji amsar ban murɗe ta ba, ko da yake amsar ta fi mini bulala ciwo. Ban sani ba ko Rahila za ta ce na yi daidai. Ina jin za ta zauna a gefena ta yi shiru.

Garba ya bar babur ɗinsa a bakin titi don kada ta ji ƙararsa, suka tafi da ƙafa zuwa tasha. Ta sa hijabina, don nata ya tsufa. A bakin zaure ta tsaya, na ɗauka ta fasa ne. Ta juyo ta ce, "Inna, in kin zo dubiya, ki duba mani kwaɗon ƙofar da kyau. In ba shi da ƙarfi ki sa a canza."